Ciwon da ya kwantar da Brock Lesnar: Yadda ake maganin aljihun hanji

Duk wanda ya taso yana kallon resilin ya san Brock Lesnar. Shi ne ƙaton nan mai wuya kamar turmi da ya kayar da Undertaker a WrestleMania ta 2014, bayan Undertaker ya yi nasara sau 21 a jere babu wanda ya kai bayansa ƙasa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, shekara uku kafin wannan daren, likitoci sun yanke kusan santimita 30 daga hanjin Lesnar sun jefar.

A ƙarshen 2009 ciwon ya fara kwantar da shi, yana da shekara 32, yana riƙe da kambun masu nauyi na gasar UFC. Dole aka ɗage karawar da zai yi. Ya samu sauƙi ya koma fage a 2010, ciwon ya sake tasowa a 2011, daga nan aka shiga da shi tiyata. Shekara goma bayan haka, a watan Yulin 2021, an kwantar da marigayi Fafaroma Francis a asibitin Gemelli da ke birnin Rum, yana da shekara 84, aka cire masa santimita 33 na babban hanji. Ƙato mai ji da ƙarfi da dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya, tushen ciwonsu ɗaya ne: wasu 'yan aljifai da ke fitowa a jikin hanji.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da ciwon Turawa? Ruwanmu biyu ne. Na farko, a gidajenmu yanzu mu matasa ne likitocin waya. Da Baba ya ce cikinsa na murɗawa, ko Mama ta ga jini a bayan gida, kai za a miƙa wa waya a ce duba mana, kai za a aika kemis, kuma kai za ka yanke shawarar a tafi asibiti yau ko a bari sai an ga yadda hali ya yi. Na biyu, cimarmu ta canza, kuma hanji bai san yayi ba.

Mene ne aljihun hanji?

Babban hanji bututu ne mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi. Aikinsa ya tsotse ruwa daga ragowar abinci, ya matsa abin da ya saura zuwa waje. Bangonsa na da tsoka, amma akwai wuraren da ƙananan jijiyoyin jini suke ratsa tsokar, kuma nan ne bangon ya fi rauni. In ka taɓa ganin tayar keke da ta tsage, tib ya leƙo ta wurin ya yi ƙululu, to ka ga abin da ke faruwa. Matsin da ke cikin hanji ne yake turo shimfiɗar ciki ta waɗannan wurare, sai ta zama ɗan aljihu, yawanci bai wuce girman wake ko gyaɗa ba. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Samun aljifan kawai, likitoci suna kiransa daibatikulosis. Shekaru ne babban abin da ke kawo su: ba kasafai ake ganinsu kafin shekara 40 ba, amma a Amurka da Turai kusan rabin waɗanda suka haura 60 suna da su. Mafi yawansu har su koma ga Allah ba su san suna da su ba, don ba sa ciwo. Ƙiyasin baya-bayan nan ya nuna waɗanda aljihun zai kumbura musu ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Matsala na zuwa ta hanya biyu. Ko dai aljihun ya kumbura ya yi ciwo, wato daibatikulaitis, wanda shi ne na Lesnar. Ko kuma jijiyar jinin da ke bakin aljihun ta fashe, mutum ya ga jini.

Kumburin ya fi zuwa da ciwo a ƙasan ciki ta ɓangaren hagu, ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, ya kwana ya wuni ba ya tafiya. Sau da yawa akwai zazzaɓi, tashin zuciya, kumburin ciki, da canjin bayan gida, ko ya bushe ko ya tsinke. Wasu kuma, musamman mutanen Asiya, ta dama yake kama su, har a ɗauka afendiks ne.

Likitan da ya auna bayan gida a Uganda

Akwai wani labari da ya haɗa ciwon nan da Afirka. Denis Burkitt likitan tiyata ne ɗan Ireland da ya shafe shekaru yana aiki a Uganda. Ya lura cewa wasu cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila kusan babu su a ƙauyukan da yake aiki. Shi da abokan aikinsa suka yi abin da mutane da yawa za su toshe hanci su gudu: suka riƙa auna nauyin bayan gidan mutane. Suka tarar na mutumin ƙauye a Afirka ya ninka na Baturen Ingila kusan sau huɗu, kuma abinci ya fi saurin ratsa cikinsa. A 1971, shi da wani likita mai suna Neil Painter suka wallafa maƙalar da ta ce wannan ciwo na ƙarancin harza ne a abincin Turawa.

Harza ita ce ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zare-zaren ganye da na 'ya'yan itace. Ita ke riƙe ruwa, ta sa bayan gida ya yi laushi ya fita ba yunƙuri.

Binciken da ya biyo baya ya nuna maganar ta fi haka faɗi. Akwai gado a ciki, don nazarin da aka yi kan tagwaye a Suwidin da Denmak ya nuna ƙwayoyin halitta na da kaso mai tsoka. Akwai ƙiba, musamman teɓa, akwai shan taba, rashin motsa jiki da yawan cin jan nama. Amma har yau hujja ta tsaya a kan cewa masu cin harza da yawa sun fi tsira daga kumburin.

Yanzu ka dubi farantinka na jiya. Da safe burodi da shayi, da rana indomi da ƙwai, da dare shawarma ko tsire da lemon kwalba. Kakanka kuwa tuwon dawa ya ci da miyar kuka, ya sha fura, ya taka zuwa gona da ƙafa. Ba abin mamaki ba ne da likitocin da ke leƙa hanji da na'ura a biranen Najeriya da Ghana suke ba da rahoton ganin aljifan nan, abin da a da ake cewa ba ciwonmu ba ne. A Amurka ma an ga kumburin yana ƙaruwa a tsakanin waɗanda ba su kai 50 ba.

Kafin magani, sai an san ciwon

Nan ne muke yawan zamewa. A wurinmu duk ciwon ciki olsa ne ko taifot, duk jini a bayan gida basir ne. An gama bincike tun a tsakar gida.

Alhali abubuwan da ke kawo ciwon ƙasan ciki suna da yawa, kuma maganin wani guba ne ga wani. Akwai afendiks, akwai atuni, tsakuwar ƙoda, ciwon mafitsara, murɗewar hanji, da taifot ɗin gaske da ke iya huda hanji. Ga mata akwai ƙari a ƙwan mace da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan kashe cikin sa'o'i in ya fashe. Sannan ga wanda kowa ke tsoron ambata, kansar babban hanji, wadda ta kashe jarumin fim ɗin Black Panther, Chadwick Boseman, a 2020 yana da shekara 43.

Likita zai tambaye ka, ya danna cikin, ya auna zafin jiki da bugun zuciya, ya tura gwajin jini da na fitsari, mace kuma a yi mata gwajin ciki. Hoton da ya fi tabbatar da wannan ciwo shi ne siti-sikan, don shi ke nuna ko kumburi ne kawai ko har mugunya ta taru ko hanjin ya huje. Yana da tsada, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Inda babu, sikanin na yau da kullum a hannun gwani yana taimakawa. In likita ya tambayi kalar bayan gidanka da sau nawa kake zagawa, ka faɗa masa tsakani da Allah. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganin kansa hawa-hawa ne, kuma binciken nan ne ke nuna matakin da mutum yake.

Mataki na farko: aljihu na nan, amma shiru

In an ga aljifan ne kawai a wani hoto ko bincike, ba ciwo ba jini, to babu ƙwayar da za a sha, babu tiyata. Kuma babu wani jiƙo ko gari ko shayin wankin ciki da zai shafe aljihun da ya riga ya fito. Duk wanda ya ce maka a TikTok yana da shi, kuɗinka yake so.

Abin yi shi ne gyaran cima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Mu kam ba sai mun je babban kanti ba. Wake a kowace siffa, gero da dawa da masarar da ba a surfe su fes an zubar da dusar ba, acca, kwaɗon zogale da na rama, kuɓewa, kuka, alayyafo, kabewa, dankali, gwaba, gwanda, mangwaro, dabino, aya. Duk suna bakin titi.

Sharaɗi biyu ne. A ƙara a hankali cikin 'yan makonni, don wanda ya tashi rana ɗaya ya narki wake kwano biyu zai sha kumburin ciki da tusa har ya rantse ba zai ƙara ba. Sannan a sha ruwa sosai, don harza ba ruwa ƙara bushewar ciki take yi.

Shekaru da dama likitoci suna hana masu aljifan cin gyaɗa, gugguru da duk abu mai 'ya'ya, wai kada ƙwaya ta maƙale a aljihun. A 2008 aka wallafa wani bincike a Amurka da ya bi maza sama da 47,000 tsawon shekara 18, bai ga waɗannan abubuwa sun ƙara haɗari ba. Don haka in Baba na son gyaɗarsa, a ƙyale shi.

Mataki na biyu: ya kumbura, amma bai ɓaci ba

Mafi yawan masu kumburin, fiye da takwas cikin goma, a nan suke. Akwai ciwo, wataƙila da ɗan zazzaɓi, amma babu mugunya, babu huji. Irin wannan a gida ake jinyarsa bayan likita ya gani. A huta, a koma abinci mai ruwa-ruwa na kwana biyu zuwa uku, kamar romo tatacce, shayi da koko marar kauri, sannan a dawo abinci mai laushi sannu a hankali. Lura da wannan: lokacin da ciwon ke ci ba lokacin loda wake da zogale ba ne. Harza ta bayan an warke ce.

Sai maganar da za ta ba mutane mamaki. A da, duk wanda aka ce yana da wannan kumburi sai an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai aka yi gwaji a Suwidin da Aisland kan marasa lafiya fiye da 600, aka wallafa a 2012: an ba rabi maganin, rabi ba a ba su ba, kuma ba a ga wani bambancin kirki a warkewarsu ba. Wani gwajin a Holan kan mutum fiye da 500, da aka wallafa a 2017, ya zo da irin wannan sakamako. Shi ya sa ƙungiyoyin likitoci a Amurka da Birtaniya suka koma cewa a zaɓi wanda za a ba, kada a ba kowa.

Amma fa a fahimce ni. Waɗanda aka yi gwajin a kansu, an ɗauki hotonsu an tabbatar ciwon mai sauƙi ne, kuma ana bibiyarsu. Mai ciwon suga, mai ɗauke da cutar HIV ko duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, tsoho mai rauni, mai zazzaɓi mai zafi ko amai, duk waɗannan ana ba su maganin. Haka likitan da ba shi da damar ɗaukar hoto yana iya ganin bayarwa ta fi aminci. Magungunan ma sanannu ne, irin su Augmentin, ko Cipro haɗe da Flagyl. Saninsu da muka yi shi ne matsalar, don kowa na iya shiga kemis ya ce a haɗa masa. A sha na kwana biyu, ciwo ya lafa, a watsar. Haka muke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske kuma ya ƙi aiki.

In an kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, ko abin ya ƙaru, a koma asibiti. Kada a ce bari a ƙara kwana ɗaya.

Ƙwayoyin da ke ƙara wa wuta fetur

In ba za ka riƙe komai daga rubutun nan ba, riƙe wannan. Maganin ciwon da ake ba mai wannan lalura shi ne farasitamol. Su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da danginsu, irin waɗanda ake zubawa a haɗin gajiya da na ciwon jiki, suna ƙara haɗarin zubar jini da hujewar hanji. Tramadol da kodin suna busar da ciki, suna rufe ciwo mutum ya zaci ya warke alhali abin na ci a ciki, kuma an danganta su da hujewar hanjin.

Sai kuma 'yan uwana mata masu neman ƙiba. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe akwai sitiroyid a ciki, irin su dexamethasone. Wannan magani yana raunana garkuwar jiki, yana danne alamomin ciwo, kuma yana cikin waɗanda aka sani suna ƙara haɗarin hujewar hanji ga mai aljifan. Iyayenmu masu ciwon gwiwa ma sau da yawa irinsa ne a cikin haɗin da ake ba su. Je ka duba ledar maganin Mama yau, ka karanta sunayen.

Wanda kuma likita ya ɗora shi a kan asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya gaya wa likitan, shi zai auna.

Mataki na uku: mugunya ta taru

Wani lokaci aljihun kan yi ɗan huji, jiki ya yi sauri ya kewaye wurin, sai mugunya ta taru kamar maruru a cikin ciki. Wannan na gadon asibiti ne: ƙarin ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, da sa ido. In taruwar ƙarama ce, ƙasa da santimita uku zuwa huɗu, magani kaɗai kan wadatar. In ta fi haka, ana soka siririn bututu ta fatar ciki, hoto na nuna wa likita hanya, a zuƙe mugunyar ba tare da an buɗe ciki ba. Inda babu kayan aikin ko gwanin yin haka, sai a yi tiyata.

Mataki na huɗu: tiyata

In hujin ya yi girma har ƙazanta ta zuba cikin ciki, to an shiga gaggawa. Ciki zai yi tauri kamar katako, taɓawa kaɗan mutum ya yi ƙara, ga zazzaɓi, ga bugun zuciya da sauri, wani har ya fara ruɗewa. Nan kowace sa'a tana da daraja. Ba lokacin jiƙo ba ne, ba lokacin jiran Yaya ya turo kuɗi gobe ba ne. A tafi, a nemi kuɗin a hanya.

Likita zai yanke ɓangaren da ya lalace ya wanke cikin. In yanayin mai ciwon ya ba da dama, a ɗinke bakin hanjin biyu nan take. In bai ba da ba, sai a yi aikin da ake kira da sunan wani likitan Faransa, Henri Hartmann, wanda ya bayyana shi tun 1921: a rufe ɓangaren ƙasa, a fito da bakin na sama ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a wata jaka da ake mannawa.

Na san jin wannan kaɗai ya isa ya sa wani ya ce gara ya mutu. Akwai iyalan da kan sa hannu su ɗauke mara lafiyarsu daga asibiti da zarar an ambaci jaka. Don Allah a tsaya a ji. Ga mutane da yawa jakar ta ɗan lokaci ce. Bayan wasu watanni, in jiki ya murmure, ana komawa a haɗa hanjin. Waɗanda tasu ta zauna kuma suna zuwa aiki, suna kasuwa, suna aure, a ƙarƙashin riga babu mai sani. Maganar tsarki da sallah, malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa mai lalura, a tambaye su. Jakar nan rai ta ceta.

Akwai kuma tiyatar da ake shiryawa a natse. Ana yinta in kumburi mai maimaituwa ya sa hanji ya tsuke har bayan gida na wahalar wucewa, irin abin da ya samu Fafaroma. Ana yinta in hanji ya manne da mafitsara har ƙofa ta buɗe tsakaninsu, mutum ya riƙa ganin iska ko ƙazanta a fitsari, ko ya manne da farjin mace. Ana kuma yinta in ciwon ya hana mutum sakat, yau lafiya gobe gado, kamar Lesnar. A da ƙa'idar ita ce in ya taso sau biyu a yanke. Yanzu an bar wannan lissafi, don an gano mummunan rikicin ya fi zuwa a tashin farko, kuma yankewar ba ta ba da tabbacin ciwon ba zai dawo ba ɗari bisa ɗari. Likita da mara lafiya ne za su zauna su auna. A manyan asibitoci ana iya yin aikin ta 'yan ƙananan huji da kyamara, wanda ya fi saurin warkewa.

In jini ne fa?

Jinin aljihun hanji yana da halinsa. Yakan zo kwatsam, da yawa, ja ko mai duhu, kuma galibi ba ciwo. Ya bambanta da ɗigon da basir kan bari bayan an yi yunƙuri. A mafi yawan mutane, kusan uku cikin huɗu, yana tsayawa da kansa. Amma ba a zama gida a jira, musamman in akwai jiri, ko mutum ya yi fari, ko ya suma. A asibiti za a ƙara ruwa, in ta kama a ƙara jini, sannan a leƙa hanjin da na'urar kolonoskofi, bututu mai kyamara da ake sakawa ta dubura. In an ga jijiyar, ana iya matse ta da ɗan ƙarfe ko a ɗaure ta nan take. In ya faskara, akwai toshe jijiyar ta hanyar hoto, akwai tiyata.

Wannan na'urar ce kuma ake so a yi amfani da ita mako shida zuwa takwas bayan kumburi ya lafa, musamman in ya zo da rikici ko ba a taɓa leƙa hanjin ba. Dalili shi ne kansa takan yi shigar burtu, ta zo da kamannin wannan ciwo a hoto. Mutane da yawa da sun ji sauƙi sai su ƙi komawa, wasu don kuɗi, wasu don kunya. In iyayenka ne, kai ne za ka lallaɓa su. Wanda ke ganin jini a kai a kai, ko yana ramewa ba dalili, ko bayan gidansa ya canza tsawon makonni, ko da shekararsa 30 ne, kada ya yarda a rufe maganar da kalmar basir ba a duba shi ba.

Bayan an warke

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ciwon kan dawo masa cikin shekara goma. An gwada magunguna daban-daban don hana dawowar, har da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan gyaran ƙwayoyin hanji, babu wanda ya ba da hujjar da ta gamsar. Abin da ya rage shi ne wanda ba a saye a kemis: harza, ruwa, rage jan nama, rage teɓa, motsa jiki har a yi gumi, barin taba, da nisantar ƙwayoyin nan da muka lissafa. Lesnar kansa ya faɗa cewa nama ne kusan duk abincinsa a da, kuma sai da ya canza cima.

Ba cewa nake ka daina cin tsire ba, ni ma ba zan iya ba. Cewa nake a sa masa kabeji da tumatir da albasa da yawa, kuma kada ya zama abincin kowane dare. A dawo da wake da dambu da kwaɗo cikin mako, a daina kallonsu a matsayin abincin ƙauye.

Ranar da kuma aka miƙo maka waya a gida aka ce duba mana, ka tuna da alamomin da ba a jira da su: ciwon ciki da ya tsaya wuri ɗaya tare da zazzaɓi, ciki mai tauri, amai ba tsayawa, jini mai yawa, ko rashin fitar bayan gida da tusa gaba ɗaya. In ka ga ɗaya daga ciki, ajiye wayar ka nemo abin hawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana ita.